Allura Ba Ruwa

Ta ƙirga ɗaya, ta ƙirga biyu, a na ukun ne bayanta ya ce shi bai san zancen ba. Sista ta tsaya a sunkuye, hannayenta biyu a ƙarƙashin hammatar mijinta, shi bai kai keken guragun ba, bai kuma koma gado ba. Wani zafi ya tsarga mata daga ƙugu ya gangara ta bayan cinyar hagu har gwiwa. Da ƙyar da siɗin goshi ta mayar da shi bakin katifa, ta dafa ƙarfen gadon tana numfashi ta baki.

Direba, mijin nata, ya yi magana. A kunnen kowa gurnani ne kawai. Shekara biyu ke nan tun da shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa da rabin harshensa, kuma a duk faɗin duniya ita kaɗai ke jin yarensa. Cewa ya yi ta ƙyale shi a gadon. Ta ce ai ba shawararsa ta nema ba, ya dai bari ta huta tukuna.

Mutum ne ƙato tun asali. Shekara talatin ya yi yana jan doguwar mota, ciwo ya zo ya cinye tsokar ya bar mata ƙashin, ƙashi kuwa ba ya ramewa. Ita kuma shekararta sittin da ɗaya, talatin da biyu daga ciki a ɗakin allura na asibiti ta yi su, shi ya sa har yau unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Sista. Bayan nata da ƙorafi ya fara, ya koma gardama, yanzu ya kai ga yajin aiki. Da ƙwayoyin kashe zafi take lallaɓa shi, biyu da safe biyu da yamma, har ranar da ta yi aman jini a baho. Likita ya ce gyambon ciki ne, ko guda ɗaya kada ta ƙara sha in tana son ranta. Ya rubuta mata takarda zuwa sashen gashin ƙashi, wai a yi mata allurar Sinawa. Ta san abar a bakin mutane: wasu 'yan siraran allurai ne da ake tsittsira wa mutum a jiki, ba magani a ciki ba komai. Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin tiren shayi, sati uku tana can.

Da ba don Injiniya ba da har yanzu tana can. Shi ne babban ɗansu. Ranar Alhamis ya shigo ba sanarwa ya tarar da uban a ƙasa kusa da gado, uwar na zaune a gefensa tana yi masa fifita, suna jiran mijin maƙwabciya ya dawo daga aiki ya ɗaga shi. Awa uku suka yi a haka. Ya ɗauki uban ya kwantar. To yaran yanzu in sun ga abin da ya tsorata su ba kuka suke yi ba, takarda suke nemowa. Bayan kwana uku ya dawo da ita, mai sheƙi, da hoton gidan jinya da furanni da fararen zannuwan gado, ziyara Laraba da Asabar, awa bibbiyu. An riƙe wa uban gado zuwa gobe Laraba. Ta tuna masa cewa sau biyu ana ɗauko mai jinya, sau biyu uban yana jifan su da kofi, don ba ya yarda baƙon hannu ya taɓa tsiraicinsa. Ya ce ya sani. Suka yi ta ja-in-ja har ya gaji ya yanke: yau Talata ƙarfe biyar zai zo, in ta ɗaga Baba daga gado zuwa keke ita kaɗai a gaban idonsa, ya bar maganar. In ta kasa, gobe da safe motar gidan jinya za ta zo.

Ta miƙe a hankali, ta je ta ɗaga tiren shayin. Takardar ta sha danshi, amma ana iya karanta ta.

Matar mai walda, maƙwabciyarsu, ta yarda ta zauna da shi zuwa azahar. Sista ta nuna mata inda kwalbar fitsari take, ta ce in ya ce “uwa” ruwa yake nufi, kada ta ɗauka zagi ne, in kuma ya yi shiru yana kallon taga a buɗe masa labule. Direba ya bi ta da ido har ƙofa.

Motar haya ta cika maƙil, ba wanda ya tashi mata, ita ma ba ta roƙa ba, don zaman ya fi tsayuwar azaba. Ta riƙe ƙarfen sama da hannu biyu. Kowane rami direban motar ya faɗa sai ta ji shi a ƙugunta, ta yi ta tsine wa tuƙinsa a zuci. Mijinta a zamaninsa da kofin shayi a gabansa yake tafiya, ba ya zuba.

Sashen gashin ƙashi yana can ƙarshen wani dogon baranda, bayan ɗakin hoto. Ta miƙa kati, aka ba ta lamba goma sha ɗaya, ta samu bakin benci ta ɗosana. Warin asibiti bai canza ba, layi ma bai canza ba, haka nan surutun masu layi. Wani tela a gefenta yana ba da labarin kafaɗarsa: wata huɗu bai iya ɗaga hannu ya sa riga ba, zuwansa na biyar ke nan, ga shi yanzu. Ya ɗaga hannun har kunne kowa ya gani. Wata malamar makaranta ta ce ita ciwon ɓarin kai ne, da sau uku yake kwantar da ita a sati, yanzu sai ta yi sati biyu bai leƙo ba. Wata mai ƙaramin ciki ta ce ita don amai aka turo ta. Wani tsoho kuma ya ce shi dai gwiwarsa tana nan yadda take, amma yana samun barci. Sista ta saurare su duka da fuskar da ta saba sauraron masu layi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ai ta san wannan labarin, ita ce ma ta rubuta shi. A ɗakin allurarta, lokacin da take ƙaramin asibitin bakin tasha, akwai mutanen da ba abin da ke damun su sai gajiya da tunani. A ba su ƙwaya su ce an raina su, su allura suke so. Likita ya gaji da su sai ya kalle ta, ita kuma ta gane. Ta zuƙi ruwan da ake dama maganin allura da shi, zallansa, ta ɗaga sirinji sama ta ɗan ƙwanƙwasa shi da farce yadda za su gani, ta tsira. Ruwan nan kuwa zafi gare shi kamar harbin kunama. Mutum ya tashi yana ɗingishi yana cewa lallai wannan mai ƙarfi ce, washegari ya dawo da godiya, har da mai kawo mata kaza. Ba ta taɓa jin ta cuci kowa ba, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba. Amma ta yi wa kanta alkawari tun a lokacin cewa ita dai ba za a yi mata ba. Ga shi yau ta zo da ƙafarta, ita ko ruwan ma ba za a sa mata ba.

Likitar gashin ba ta fi sa'ar autarta ba, siririya, da tabarau, idanunta sun nuna tun safe take tsaye. Ta karanta takardar, ta ce Mama ta zo a makare da sati uku. Ta sa ta tafiya zuwa bango ta dawo, ta sa ta sunkuya iya inda za ta iya, ta ƙwanƙwasa mata gwiwa, ta tambaye ta ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce mata, ko tana shan maganin tsinka jini. Tambayoyin dai a kan hanya suke, Sista ta ba ta wannan. Sannan ta sa ta kwanta rub da ciki a wani siririn gado mai rami wurin fuska, ta bi bayan da babban yatsa tana dannawa har ta iso wani wuri da Sista ta yi salati ba shiri.

“Mama, wane aiki kike yi da bayan nan?”

“Miji nake ɗauka.”

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta wanke hannu, ta goge wurin da auduga, ta yage wata 'yar takarda ta zaro allura. Sista ta ɗago kai ta ce a nuna mata. Ko kaurin gashin jelar doki abar ba ta kai ba, ga ta a toshe, ba rami a cikinta balle a yi zancen ruwa. Ta juya ta a haske ta mayar, ta ce a zamaninta in ka ba mutum wannan ka ce ka yi masa allura sai ya kai ƙararka.

Ta ɗaure jiki tana jiran zafi, don duk wanda ya yi shekara talatin yana tsira wa mutane allura ya fi kowa tsoronta. Sai ta ji ɗan tsikari kamar cizon sauro, shi ke nan. Ta biyu ma haka. A ta huɗu ne yarinyar ta ɗan murza, wani nauyi mai tsami ya bazu a cikin tsokar, naman wurin ya yi tsalle shi kaɗai. Likitar ta ce yawwa, abin da ake nema ke nan. Ta sa shida a ƙugu, biyu a ɗuwawu, sai kuma Sista ta ji ana taɓa mata bayan gwiwa da gefen idon sawu.

“'Yar nan, bayana ke ciwo, me ya kai ki ƙafa?”

Yarinyar ta ce ai jijiyar da ke ƙafar daga bayan ta taso, in an taɓa reshe gindi yana ji. Tana aiki tana bayani da muryar wadda ta faɗi abu sau dubu. Masu abin na asali, in ji ta, cewa suke akwai hanyoyi a jiki da ƙarfin rai ke bi, in sun toshe sai ciwo, allurar ce ke buɗe su. Su kuma a makaranta abin da aka nuna musu shi ne allurar tana tsokanar ƙananan jijiyoyi, su aika saƙo laka da ƙwaƙwalwa, jiki ya saki nasa maganin kashe zafin da yake ajiye da shi. Tsokar da ta ƙulle ta saki, jini ya ƙara gudu a wurin. Wato maganin yana cikin mutum, ita ƙwanƙwasa ƙofa kawai take yi.

Sista ta yi wata 'yar dariya a cikin ramin gadon. Ta ce bayanin ya yi daɗi, ita ma da tana da nata mai daɗi haka. Ba ta san abin da ya sa ba, ko don fuskarta na kallon ƙasa ne ba mai ganin ta, sai ta ji bakinta yana ba da labarin ruwan, da ƙwanƙwasa sirinji, da kazar. Ta gama ta ce, “To ni abokiyar sana'a ce. Ki gaya min tsakaninki da Allah, ruwa kike min?”

Likitar ta jawo kujera ta zauna inda Sista ke hango takalmanta, farare, sun sha tafiya. Ta ce an gwada. An samu mutane masu ciwon baya, wasu a yi musu ta gaske, wasu a yi musu ta bogi, a ɗan taɓa fata kawai ba su sani ba. Na bogin ma da yawansu sun ji sauƙi. Na gasken sun fi su, amma ba da nisa can ba. Wanda ba a yi wa komai ba shi ne a baya.

“Ke nan akwai ruwa a ciki,” in ji Sista.

“Akwai, Mama. Amma ba duka ba ne ruwa. Ni kaina ban san inda wannan ya tsaya wancan ya fara ba. Abin da na sani, ba za ta huda miki ciki ba kamar ƙwayar, kuma cikin goma da ke kwanciya a gadon nan masu yawa suna tashi da dama-dama. Wasu ba sa jin komai. Ba ta gyara ƙashin da ya goge, ba ta mayar da tsohuwa yarinya.”

Wannan amsar ta ɓata wa Sista lissafi. Da ƙarya aka yi mata da ta san inda za ta ajiye ta, don ta san ƙarya in ta gan ta a farar riga. Ita a ɗakinta ba ta taɓa ce wa kowa “ban sani ba”.

Aka rufa mata zane a ƙafa, aka ja labule, aka ce minti ashirin kada ta motsa. Ta yi niyyar ta kwanta ta sa ido a kan jikinta, ta kama shi in zai yaudare ta. Tana jin fanka tana juyawa, tana jin tela a gadon da ke bayan labule yana ba wani labarin kafaɗarsa daga farko. Wani ɗumi ya taso mata daga ƙugu. Ta tuna ba ta gaya wa matar mai walda a juya Direba ɓarin hagu da ƙarfe sha ɗaya ba. Ta tuna ba ta jiƙa zannuwan jiya ba. Shekara biyu rabon da ta kwanta da rana ba tare da kunnenta ɗaya yana ɗakinsa ba, kuma a nan ko ya kira ba za ta ji ba, ko ta ji ba ta isa ta tashi ba, an kafe ta da allura goma. Hawaye ya ɗiga ta ramin ya faɗi a kan tayil. Gajiya ce, ba wani abu ba, gajiyar da ba ta da wanda za ta kai wa. Daga nan ba ta san inda take ba.

Taɓa ta aka yi a kafaɗa. An riga an cire alluran, ba ta ma ji ba. Yawu ya jiƙa takardar da aka shimfiɗa a gadon, kunya ta kama ta. Ta juya ta gefe ta sauko da ƙafa yadda ta saba, tana jiran zafin ya gaishe ta. Yana nan, amma ya ja baya, kamar mai faɗan da aka fitar tsakar gida aka rufe ƙofa. Ta taka zuwa bango ta dawo. Ta sunkuya, yatsunta suka wuce gwiwa.

Sai da tana ɗaura ɗankwali yarinyar ta ce sau shida za ta zo, duk Talata, kafin a san ko allurar ta karɓe ta. Za kuma ta koya mata motsa jiki, da yadda ake ɗaga majinyaci da ɗamara a ƙugu, da gwiwa ba da baya ba. Amma yau da gobe kada ta ɗaga ko bokitin ruwa. Zafin nan da ya ragu, in ji ta, shi ne mai gadin da ke hana ta yi wa kanta ɓarna, yanzu kuwa an sa shi gyangyaɗi. Sista ta ce to. Ta tambaya yaya ake yin na ɗamarar, a nuna mata yanzu, don sani kawai. Likitar ta cire tabarau ta dube ta da kyau. Ta nuna mata, sau biyu, a jikin wata ma'aikaciya. Da za ta fita ta sake cewa, “Mama, ban da yau.” Sista ta ce ai ta ji.

A motar komawa ta samu kujera. Duk hanya tana auna bayan, tana ɗan motsawa ta ji ko ya dawo. Haushi biyu ne ke cin ta: in abin ya yi aiki, ba ta san ko jikinta ne ya warke ko hankalinta aka saye ba, in kuma bai yi ba, gobe da safe za a fitar mata da miji a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, maƙwabta na leƙe.

Matar mai walda ta ce lafiya lau suka wuni, sai dai ya ƙi cin komai, kuma ya yi ta faɗar wata kalma da ba ta gane ba. Sista ta ce sunanta ne. Ta ba shi abinci a baki, ta goge masa jiki, ta canza masa riga a kwance. Ta ɗauko wani tsohon zane mai ƙarfi ta ninke shi tsawo ta ɗaura masa a ƙugu. Ya kalli zanen ya kalle ta. Ta ba shi labarin alluran, da tela, da yadda ta yi barci har da yawu, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Ba ta gaya masa abin da likitar ta ce game da yau ba.

Biyar saura Injiniya ya iso da kayan aikinsa a jiki, ƙurar wurin gini a takalmansa. Ya durƙusa ya gaishe su. Shi ma ya rame, ta lura, kuma furfura ta fara masa a gefen kunne. Ba mugu ba ne. Ya ce, “Umma, ba sai an yi wannan abin ba. Ni ma ba daɗi nake ji ba.” Ta ce ya matsa daga hanya.

Ta jawo keken ta manna shi da gado, ta taka birki. Ta zaunar da Direba a bakin katifa, ta daidaita ƙafafunsa a ƙasa, ta sa gwiwoyinta ta tare tasa marar rai. Ta kama zanen ta baya da hannu biyu. Fuskarsa ta kwanta a wuyanta, kunnensa daidai bakinta. Ta lanƙwasa gwiwa yadda aka nuna mata, ta ja.

Ya taso. Nauyin duniya ya hau ta, can ƙasan ƙugu wani abu ya buɗe ido ya cije ta. Ta danne ƙarar a maƙogwaro, ba abin da ya fita sai wani ɗan siririn numfashi ta haƙori. Ta juya da shi taku ɗaya, taku biyu, ta sauke shi a keken a hankali, ba ta yar da shi ba. Ta miƙe tsaye, ta gyara masa wuyan riga, ta juyo ta dubi ɗanta.

Injiniya ya sauke ajiyar zuciya, ita ma ta ji ta. Ya ce ikon Allah, wai allurar ce haka? Ta ce ga shi kuwa ya gani. Ya ciro waya daga aljihu yana neman lambar gidan jinyar.

A nan ne Direba ya yi magana. Ba ita ya kalla ba, ɗansa ya kalla, ya tattaro duk abin da ya rage masa na harshe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Kalma biyu ce, ya maimaita su. Injiniya ya dakata da wayar a hannu, ya juyo wurin uwar yadda kowa ke juyowa.

“Me Baba ya ce?”

Ta ji shi sarai. Kai ni, ya ce. Mutumin da ke jifan baƙo da kofi, shi ne yake cewa a kai shi inda baƙi za su riƙa tuɓe shi safe da yamma. Ɗan bai ji numfashin nan ba, amma shi a kunnensa aka yi shi.

“Ban-ɗaki yake so,” in ji Sista. “Cewa ya yi ka kai shi. Tunda kana nan, hutar da ni.”

Injiniya ya ajiye wayar ya tura keken. Tana jin su ta bayan ƙofa, uban yana ta maimaitawa da ƙarfi, ɗan yana cewa to Baba, ai ga shi mun zo. Ta lallaɓa ta jingina da bango, ta sa tafin hannu a ƙugu, ta rufe ido. Zafin ya dawo, ba duka ba, wajen rabi. Da ta ji motsin keken ta sauke hannun.

Injiniya ya yi wayar a tsakar gida, ta ji yana ba su haƙuri, yana cewa a ba wani gadon. Ya dawo ya mayar da uban kan katifa da kansa, ya ce duk Talata zai turo mota ta kai ta asibitin. Ya yi sallama ya tafi da sauri, kamar mai tsoron kada wani ya canza magana.

Direba ya juya fuska bango. Ta jawo kujera ta zauna a bakin gadon, a karkace, ta kwance masa zanen daga ƙugu tana ninkewa.

“Na ji abin da ka ce,” ta ce. “Ba kurma ba ce ni.”

Bai juyo ba.

“Sau shida yarinyar ta ce. Na yi ɗaya. Ka bar ni in yi sauran. In na gama bayan nan bai daidaita ba, ni da bakina zan gaya masa abin da ka faɗa, ba ragi ba ƙari.”

Can ya juyo da kai, idonsa mai rai ya yi ja. Ya ɗaga hannun hagu daga kan bargo, a hankali, ya buɗe mata yatsunsa biyar a fuska, ya riƙe su a haka.

Shekara biyu tana fassara mutumin nan, ko tari ya yi ta san na ƙishi ne ko na fushi. Yau ta duba ta sake dubawa, ta rasa ko Talatun da suka rage yake ƙirga mata, ko daƙuwa yake yi mata. Ta kama hannun ta mayar masa ƙarƙashin bargo.

“Biyar ɗin dai,” ta ce, ta dafa gadon ta tashi ɗora ruwan wankansa.